Husain Ala, Jakadan da Ya Kai Ƙarar Tarayyar Soviet Gaban Kwamitin Sulhu

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa a wannan zaure na tarihi. Ni ce Hadiza, kuma ina tare da Malam Garba da Nasiru. Yau mun nufi ƙasar Iran, wadda littattafanmu na da suke kira Farisa, domin mu bi sawun wani mutum da ya shafe fiye da shekara 50 yana yi wa ƙasarsa hidima, wani lokaci a matsayin jakada, wani lokaci minista, sau biyu kuma firaminista. Sunansa Husain Ala. Allah ya gafarta Malam, kai ne ka kawo sunansa, ko da yake da yawa daga cikin masu sauraronmu ba su taɓa jin sa ba. Me ya ja hankalinka gare shi?

Malam Garba: Wa alaikumus salam. Abin da ya ja hankalina shi ne watan Maris na 1946. A lokacin Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta cika shekara guda ba, ba ta da ko ginin kanta, har Kwamitin Sulhu yana zama ne a ɗakin motsa jiki na wata kwaleji mai suna Hunter a birnin New York. A wannan ɗaki wani ɗan tsamurmurin dattijo ya zauna yana ƙarar ƙasar da ta karya sojojin Hitila, alhali sojojinta suna jibge a arewacin ƙasarsa. Wannan dattijo shi ne Ala. Amma idan muka tsaya a wannan rana kaɗai za mu yi masa kirari ne kawai, ni kuwa ina so mu ga mutumin gaba ɗayansa, har da inda ya gaza.

Nasiru: To Malam, sai mu fara daga gidan da ya fito, domin a Iran ta wancan zamani ɗan talaka ba ya zama jakada.

Malam Garba: Gaskiyarka. An haife shi a farkon shekarun 1880, a zamanin sarakunan gidan Ƙajar. Mahaifinsa, wanda aka fi sani da sarautarsa ta Ala'us Saltana, ya daɗe yana wakiltar Iran a Landan, daga baya kuma ya riƙe muƙamin ministan harkokin waje da na firaminista. Saboda haka yaron ya yi karatu a makarantar Westminster, ya karanci aikin lauya a Ingila, ya kuma fara aiki a ofishin jakadanci a ƙarƙashin mahaifinsa. Matarsa ma 'yar Nasirul Mulk ce, mutumin da ya riƙe wa Sarki Ahmad Shah gadon sarauta lokacin yana ƙarami. Ka ga ta kowane ɓangare ɗan gidan mulki ne. Abin da ya samu daga wannan tarbiyya, wanda ya yi masa rana daga baya, shi ne ya san Turawan Ingila ciki da bai, ya iya harshensu kamar su, kuma ya fahimci cewa suna jin nauyin hujjar da aka ɗora a kan takardar da suka sa wa hannu.

Hadiza: Kuma ƙasar da zai wakilta tana cikin halin gaba kura baya sayaki. Rasha a arewa, Birtaniya a kudu da gabas ta wajen Indiya. A 1907 waɗannan ƙasashe biyu suka zauna suka raba Iran zuwa yankunan tasiri, arewa ta Rasha, kudu maso gabas ta Birtaniya, tsakiya kuma aka bar ta a matsayin ta kowa, ba tare da an nemi jin ta bakin mutanen Tehran ba. Duk wanda ya san yadda aka yanka ƙasar Hausa tsakanin Ingila da Faransa a teburin da babu Bahaushe ko ɗaya zai gane irin wannan ciwo, ko da yake ita Iran ba a taɓa mayar da ita ƙasar mallaka a hukumance ba.

Malam Garba: Wannan bambanci da kika faɗa shi ne ya ba aikin jakada muhimmanci a wurinsu. Ƙasar tana da tuta, tana da sarki, tana da majalisa tun bayan juyin tsarin mulki na 1906, amma ba ta da sojan da zai tare kowa. Makaminta sai baki da alƙalami. Darasin farko mai ɗaci da Ala ya koya ya zo ne a 1919. Iran ta ce ba ruwanta da Yaƙin Duniya na Ɗaya, duk da haka sojojin Rasha da na Daular Usmaniyya da na Birtaniya suka mayar da ƙasarta fagen fama, yunwa da annoba kuma suka kashe jama'a masu ɗimbin yawa. Da aka kira taron sulhu a birnin Faris, gwamnati ta tura tawaga ƙarƙashin ministan harkokin waje, Mushawirul Mamalik, tare da Muhammad Ali Furugi da shi Ala, domin su nemi diyya da soke gatan da baƙi suke da shi a kotunan ƙasar. Birtaniya ta tsaya kai da fata cewa ba za a saurare su ba, kuma haka suka zauna wata da watanni a bakin ƙofa. A daidai wannan lokaci Lord Curzon, mai riƙe da harkokin wajen Birtaniya, yana ƙulla wata yarjejeniya ta daban da firaminista Wusuƙud Daula a Tehran, wadda za ta sa kuɗin ƙasar da sojanta a hannun mashawartan Ingila, a ba ta bashin fam miliyan 2.

Nasiru: Yarjejeniyar da jama'a suka yi wa bore har ta mutu ba a zartar da ita ba.

Malam Garba: Ita fa. Ina ganin daga wannan wulaƙanci na Faris ne Ala ya ɗauki aƙidar da ya rayu a kanta, wato a nemo ƙasa ta uku mai ƙarfi, wadda take nesa kuma ba ta da iyaka da Iran, a jawo ta cikin al'amarin domin ta zama katanga tsakanin maƙwabtan nan biyu. A idonsa wannan ƙasa ita ce Amurka. Da aka tura shi Washinton a 1921 ya yi ta zawarcin kamfanonin mai na Amurka, da farko Standard Oil, daga baya Sinclair, su zo su haƙi man arewacin Iran, sai dai duka biyun ba su kai ga nasara ba. Abin da ya yi nasara a kai shi ne ɗauko Arthur Millspaugh, masanin harkar kuɗi, wanda ya isa Tehran a 1922 ya riƙe baitulmalin ƙasar har zuwa 1927.

Nasiru: A nan ne nake da ja, Malam, kuma gara in faɗa tun da wuri. Wanda ya gayyato baƙo domin ya raba shi da maƙwabta ba shi da tabbacin cewa baƙon zai koma gida idan an gama rabon faɗa. Amurkar da Ala ya yi ta lallashi a 1921 ita ce ta haɗa kai da Birtaniya a 1953 aka kifar da zaɓaɓɓiyar gwamnatin firaminista Muhammad Musaddiƙ. Ba zan iya raba farkon wannan hanya da ƙarshenta ba.

Malam Garba: Riƙe wannan magana, domin za mu iso gare ta, kuma ba zan musa maka duka ba. Amma kafin nan akwai ranar 31 ga Oktoba 1925, wadda ba a cika tunawa da ita ba idan ana maganar Ala. Ya dawo gida ya zama ɗan majalisa mai wakiltar Tehran. Reza Khan, sojan da ya yi juyin mulkin 1921 ya kuma zama firaminista, ya shirya tsaf domin a tuɓe gidan Ƙajar a miƙa masa ƙasa. Majalisa ta cika da magoya bayansa, kuma kowa ya san abin da ke iya samun wanda ya ce a'a. Mutum ƙalilan ne suka tashi suka ce wannan ya saɓa wa tsarin mulki: malamin nan Sayyid Hasan Mudarris, da Hasan Taƙizade, da Yahya Daulatabadi, da Muhammad Musaddiƙ, da Husain Ala. Ƙuri'a 80 ta amince, 5 ta ƙi.

Hadiza: Abin da ya ba ni mamaki da na karanta wannan shi ne yadda makomar mutanen ta bambanta. Mudarris an tsare shi shekaru a can gabashin ƙasar, daga ƙarshe aka kashe shi a 1937. Musaddiƙ ya koma ƙauyensa na Ahmadabad, ya kuma ɗanɗana kurkuku a 1940. Shi kuwa Ala, ba a daɗe ba ya karɓi aiki a hannun sabon sarkin da ya ƙi amincewa da naɗinsa. Ya zama jakada a Faris, ya shugabanci Bankin Ƙasa, ya koma Landan a matsayin jakada, ya kuma riƙe ma'aikatar ciniki. Malam, wannan sauyin sheƙa ne ko kuwa?

Malam Garba: Na daɗe ina juya wannan tambaya. Fahimtata ita ce Ala mutumin hukuma ne, ba mutumin gwagwarmaya ba. Ya faɗi abin da yake gani daidai ne a ranar da aka tambaye shi, da aka rinjaye shi kuma sai ya ɗauka cewa ƙasa tana nan ko wane ne a kan gado, kuma tana bukatar wanda ya iya magana da Turawa. Ana iya ganin wannan a matsayin kishin ƙasa, ana kuma iya ganin sa a matsayin rauni, ni dai ina ganin duka biyun suna cikinsa. A zamanin Reza Shah ɗin, wato Reza Khan bayan ya hau gado, ne ya sake samun kansa a gaban wani zauren duniya. A ƙarshen 1932 sarkin ya soke yarjejeniyar mai ta D'Arcy, wato izinin haƙar mai da aka ba wani Baturen Ingila mai wannan suna, wadda tun 1901 ta ba Iran kashi 16 cikin 100 kacal na ribar da kamfanin Ingila ya ce ya samu. Birtaniya ta kai ƙara gaban tsohuwar ƙungiyar ƙasashen duniya da ke Janeba, aka tura ministan shari'a Ali Akbar Dawar tare da Ala su kare ƙasarsu. Sun yi magana mai kyau, amma a Tehran aka yanke hukunci, inda sarki da kansa ya amince da sabuwar yarjejeniya a 1933. An rage faɗin yankin kamfanin zuwa murabba'in mil 100,000, an ƙara kuɗin da ake biya, amma aka tsawaita wa'adin har zuwa 1993.

Nasiru: Wato jakada ya yi gumi a waje, mai gida ya sayar da hatsin tun yana gona.

Malam Garba: Kusan haka, kuma wannan ne ya sa abin da ya faru a 1946 ya zama daban. Bari in shimfiɗa yadda aka kai can. A watan Agusta 1941 Birtaniya da Tarayyar Soviet suka mamaye Iran domin su tsare rijiyoyin mai da hanyar jirgin ƙasa da za a riƙa kai wa Rasha kayan yaƙi. Reza Shah ya sauka a watan Satumba, aka kai shi tsibirin Morishas, daga nan Johannasbag a Afirka ta Kudu, inda ya rasu a 1944. Ɗansa Muhammad Reza, mai shekara 21, ya hau gado, kuma daga baya Ala ya zama ministan fada, wato shi ne idon saurayin sarki da kunnensa. A Janairun 1942 aka sa hannu a kan yarjejeniya tsakanin ƙasashen uku, wadda ta ce sojojin baƙi za su fice cikin wata 6 bayan ƙarewar yaƙi. Japan ta miƙa wuya ranar 2 ga Satumba 1945, saboda haka wa'adin ya faɗa ranar 2 ga Maris 1946. Amurkawan da suka zo taya jigilar kayan yaƙi suka tafi, Ingilishi suka tafi, sojojin Stalin kuwa suka ƙi motsi.

Hadiza: Ba ma zama kaɗai suka yi ba. A ƙarƙashin inuwarsu Ja'afar Fishawari ya kafa gwamnatin cin gashin kai a Tabriz, babban birnin lardin Azarbaijan, a Disambar 1945, sannan Ƙadi Muhammad ya ayyana jamhuriyar Kurdawa a Mahabad a watan Janairu. Da Tehran ta tura sojoji domin su kwantar da lamarin, sojojin Soviet suka tare su a kusa da Ƙazwin suka mayar da su. Ya kamata a yi adalci a ce mutanen waɗannan yankuna suna da koke na gaskiya, domin Reza Shah ya danne harsunansu ya kuma yi watsi da lardunansu, amma babu mai shakka cewa da ƙarfin Mosko aka tsayar da gwamnatocin biyu.

Malam Garba: Haka ne. Taƙizade, wanda yake jakada a Landan, shi ya fara shigar da ƙara a watan Janairu, kuma ita ce rigima ta farko da aka taɓa kawowa gaban Kwamitin Sulhu. Ƙudurin kwamitin mai lamba 2, na ranar 30 ga Janairu 1946, a kan Iran yake, kuma abin da ya ce kawai shi ne ɓangarorin biyu su je su tattauna. Sabon firaminista, Ahmad Ƙawam, tsohon ɗan siyasa mai wayon gaske, ya tafi Mosko da kansa ya zauna da Stalin da ministansa na harkokin waje Molotov kusan mako uku, ya dawo ba tare da an sa ranar ficewa ba. Ana cikin haka rahotanni suka fara fitowa daga Tabriz cewa tankokin Soviet suna ƙaruwa maimakon raguwa. Ala, wanda a lokacin yake jakada a Washinton, ya sake shigar da ƙarar ranar 18 ga Maris. Wakilin Soviet, Andrei Gromyko, ya nemi a ɗage zaman zuwa 10 ga Afrilu, yana cewa ana gab da daidaitawa a Tehran. Ƙasar Foland kaɗai ta mara masa baya. Ranar 27 ga Maris ya tattara takardunsa ya fice daga zauren, karo na farko da wata babbar ƙasa ta yi haka, sannan aka kira Ala ya zauna a teburin ya yi bayani.

Hadiza: Ni wannan wuri ne yake taɓa zuciyata. Shekara 10 kafin nan Sarki Haile Selassie na Habasha ya tsaya a Janeba yana kukan mamayar Italiya, aka saurare shi aka watse ba a yi komai ba. A 1946 ƙasashen Afirka huɗu ne kaɗai a Majalisar Ɗinkin Duniya, wato Masar da Habasha da Laberiya da Afirka ta Kudu, kuma Masar tana cikin kwamitin a wannan zama. Duk ƙaramar ƙasa tana kallo ta ga ko sabuwar majalisar za ta bi sawun tsohuwar. Mutumin da aka hana shiga zaure a Faris shekara 27 da suka wuce, ga shi yau babbar ƙasa ce ta bar masa zauren. Kuma hujjarsa ba ta da ado: ga yarjejeniyar 1942, ga sa hannunku, ga ranar da kuka yi alkawari, ranar ta wuce.

Nasiru: Ina jin daɗin labarin, Yaya Hadiza, amma kada mu ba jakada ladan da ba nasa ba. Abin da ya fitar da sojojin Stalin shi ne cinikin da Ƙawam ya yi da jakadan Soviet, Sadchikov, ranar 4 ga Afrilu. Ya yi musu alkawarin kamfanin mai na haɗin gwiwa a arewa, wanda Mosko za ta riƙe kashi 51 cikin 100 a shekara 25 na farko, da sharaɗin sai sabuwar majalisa ta amince. Ba a kuma iya zaɓen sabuwar majalisa alhali sojojin baƙi suna ƙasar. Stalin ya janye sojojinsa a watan Mayu yana jiran mai. A Disamba sojojin Iran suka shiga Tabriz, Fishawari ya tsere, aka rataye Ƙadi Muhammad a Maris 1947, sannan a Oktoban 1947 majalisa ta yi fatali da yarjejeniyar man da ƙuri'a 102, biyu kacal suka goyi baya. Wannan dabarar Ƙawam ce.

Malam Garba: Ban ƙi ba, Nasiru, kuma zan ƙara maka da cewa Shugaba Truman ya yi iƙirari daga baya cewa shi ne ya aika wa Stalin gargaɗin ƙarshe, amma masu bincike ba su sami wannan saƙo a cikin takardun gwamnatin Amurka ba. Sai dai ka lura da abin da ya ba cinikin Ƙawam daraja. Mai saye ba ya biyan kuɗi a kan abin da zai iya ɗauka kyauta. Abin da ya hana Stalin ɗauka kyauta shi ne idon duniya yana kansa, kuma Ala ne ya hana idon ya kauce. A tsakiyar Afrilu, bisa matsin lambar Mosko, Ƙawam ya umarce shi ya janye ƙarar. Ya miƙa takardar janyewar kamar yadda aka umarce shi, amma ya tabbatar wakilan Amurka sun fahimci cewa gwamnatinsa ba da son ranta take magana ba, kwamitin kuma ya ƙi cire batun daga jadawalinsa. A watan Mayu ya sake shaida wa kwamitin cewa Tehran ba ta da iko a Azarbaijan balle ta tabbatar da ficewar, har Ƙawam ya hana shi ƙara yin magana a can.

Hadiza: To, jakada yana da hurumin ya wuce umarnin wanda ya aike shi?

Malam Garba: A ƙa'ida ba shi da shi, domin ɗan aike ba ya sauya saƙo. Amma akwai masana tarihi da suke ganin cewa Ƙawam da kansa yana amfana da wannan taurin kai, yana nuna wa Rashawa fuskar sulhu a Tehran alhali jakadansa yana riƙe da wuta a New York. Ko sun shirya hakan ko ba su shirya ba, Ala ya sa muƙaminsa a kan faifai a lokacin da yin shiru ya fi masa sauƙi, kuma ina girmama shi saboda wannan.

Nasiru: Sai mu zo inda na ce a riƙe mini.

Malam Garba: Mun iso. Ranar 7 ga Maris 1951 wani ɗan ƙungiyar Fida'iyan Islam mai suna Khalil Tahmasibi ya harbe firaminista Janar Ali Razmara a Masallacin Shah da ke Tehran, bayan Razmara ya yi adawa da mayar da mai hannun ƙasa. Sarki ya ɗauko Ala ya ba shi gwamnati. A cikin kwanakinsa na farko majalisar wakilai ta amince da ƙwace kamfanin man Ingila ranar 15 ga Maris, majalisar dattawa ta bi baya ranar 20 ga wata. Ma'aikatan mai suka shiga yajin aiki a Abadan, aka zubar da jini. Ala ba shi da jam'iyya, ba shi da jama'ar titi, kuma majalisa tana yanke shawara ba tare da ta waiwaye shi ba, saboda haka ya ajiye aiki a ƙarshen Afrilu bayan kimanin mako 6, Musaddiƙ ya hau. Ala ya koma ministan fada, kuma daga nan abokan tsayuwar 1925 suka zama a ɓangarori biyu. Musaddiƙ yana ganin fada ce matattarar masu yi masa zagon ƙasa, har ya matsa aka sauke Ala a Afrilun 1953. Bayan juyin mulkin 19 ga Agusta na wannan shekara, wanda hukumomin leƙen asirin Amurka da Birtaniya suka shirya, Ala ya koma kujerarsa ta fada.

Nasiru: Wannan shi ne abin da ba zan iya yafe masa ba. Mutumin da ya tsaya gaban duniya yana cewa kada baƙi su sa hannu a al'amuran Iran, ya karɓi muƙami daga gwamnatin da baƙi suka ɗora. Musaddiƙ yana gaban kotun soja, ministansa na harkokin waje Husain Fatimi an harbe shi a 1954, man kuma an raba shi tsakanin kamfanoni, kashi 40 na Ingila, kashi 40 na Amurkawa, sauran na Shell da na Faransa. Idan katsalandan na Rasha laifi ne, na Amurka ma laifi ne.

Malam Garba: Ba ni da amsar da za ta wanke shi. Abin da zan iya faɗi shi ne a idonsa haɗarin da ya fi kowanne shi ne maƙwabcin arewa da jam'iyyar Tuda ta 'yan gurguzu, kuma abin da ya gani a 1946 ya ƙara dasa masa wannan tsoro. Shi ya sa da ya sake zama firaminista a Afrilun 1955 ya jagoranci shigar Iran cikin Ƙawancen Bagadaza tare da Iraƙi da Turkiyya da Pakistan da Birtaniya, abin da ya kawo ƙarshen tsohuwar siyasar ƙasar ta 'yan ba ruwanmu. A tsakiyar Nuwamba na wannan shekara, yana shirin tafiya taron farko na ƙawancen, ya je zaman makokin ɗan Ayatullahi Kashani a masallacin nan da aka kashe Razmara. Wani ɗan Fida'iyan Islam, Muzaffar Zulƙadar, ya ɗana masa bindiga, harbin bai yi yadda ya so ba, sai ya buge shi da ita a ka. Dattijo mai shekara fiye da 70 ya tafi Bagadaza da bandeji a kansa. A Janairun 1956 aka harbe shugaban ƙungiyar, Nawwab Safawi, tare da Zulƙadar da Tahmasibi. A ƙarshen wannan gwamnati tasa ne kuma aka kafa hukumar tsaro ta SAVAK, wadda sunanta ya zama abin tsoro a kowane gida a Iran.

Hadiza: Kuma masu nazarin wannan zamani suna cewa dalilin da ya sa sarki ya zaɓe shi a 1955 shi ne yana son firaministan da ba zai yi masa gardama ba, bayan ya gaji da Janar Zahidi, wanda ya hau kujerar bayan juyin mulkin 1953. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Amma Malam, ƙarshen aikinsa bai tafi a kan wannan layi ba.

Malam Garba: Bai tafi ba. Daga 1957 ya koma ministan fada karo na ƙarshe. A 1963 sarki ya ƙaddamar da sauye-sauyen da ya kira Farin Juyi, ciki har da rabon gonaki da ba mata damar zaɓe, malamai da 'yan kasuwa da dama kuma suka yi adawa da yadda ake tafiyar da mulkin. A watan Maris jami'an tsaro suka afka wa makarantar Faiziyya a birnin Ƙum. Ranar Ashura, 3 ga Yuni, Ayatullahi Khumaini ya yi wa sarki kakkausar huɗuba, aka kama shi da asubahin 5 ga wata, jama'a suka fito a Tehran da Ƙum da Shiraz da wasu garuruwa, firaminista Asadullah Alam ya ba sojoji umarnin harbi, aka kashe mutane da yawa. Ala, wanda ya haura shekara 80, ya kira wasu dattawan gwamnati, cikinsu har da Abdullahi Intizam shugaban kamfanin mai na ƙasa da Janar Yazdanfana, suka tattauna a kan cewa zubar da jini ba zai haifar da alheri ba, kuma ya kamata a faɗa wa sarki ya sassauta.

Nasiru: Sarkin da ya san Ala tun shi sarkin yana yaro, wanda kuma Ala ya tsaya masa a 1953.

Malam Garba: Shi ɗin. Muhammad Reza na 1963 ba saurayin nan ba ne na 1941 mai neman shawara. Ya ɗauki taron dattawan a matsayin shisshigi, ya fusata ƙwarai, kuma ba a daɗe ba aka sauke Ala daga ministan fada, Intizam ma ya rasa kujerarsa. Aka ba Ala kujera a majalisar dattawa, inda ba a tambayar kowa ra'ayinsa a kan abin da ya shafi mulki. Ya rasu a Tehran a watan Yuli 1964. Wata huɗu bayan rasuwarsa aka sa Khumaini a jirgi zuwa Turkiyya, saboda ya soki dokar da ta ba sojojin Amurka da ke Iran kariya daga kotunan ƙasar, irin gatan nan na baƙi da Ala da abokan tafiyarsa suka je Faris neman a soke a 1919.

Hadiza: A nan za mu dakata a yau. Mun gode Malam, mun gode Nasiru. Masu sauraro, sai mun sake haɗuwa, mu kwana lafiya.